Tabarruki da Carbin Mahaifi

 A wannan mako ina so mu tsaya a kan kalma guda wadda kowa ya saba ji a bakin tsofaffi, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar inda ta fito. Kalmar ita ce tabarruki.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa nahawu shekaru da dama da suka wuce, ya zo gaishe ni bayan sallar la'asar, na ga ransa a ɓace. Mahaifinsu ya rasu wata uku ke nan. Dattijo ne mai ƙaramin ƙarfi, ban da gidan da suke ciki bai bar wani abin a-zo-a-gani ba, sai rawani, da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, da wani carbi na itace wanda ya yi sulɓi saboda yawan ja. Ranar jana'iza ɗalibin nan ya sa hannu ƙarƙashin matashin kai ya ɗauke carbin, bai gaya wa kowa ba. Da labari ya kai ga yayarsu, sai ta riƙa aikowa a karɓo mata shi duk sa'ad da ɗanta ya yi zazzaɓi, ta tsoma a ruwa ta ba yaron ya sha, tana cewa tabarrukin Baba ne. Ƙanensu kuwa, wanda ya ɗan taɓa karatun tauhidi, ya tashi haiƙan ya ce wannan duk shirka ce, a kwashe kayan a fitar daga gidan. Magana ta yi tsami har ya da ƙane suka daina gaisawa.

Ya ce mini, "Malam, ni ban taɓa zaton carbin nan zai yi mini maganin komai ba. In na riƙe shi ne sai in ga kamar Baba yana zaune a zaure bayan asuba. To, shin wannan ma laifi ne?"

Na ce masa kafin mu je ga hukunci bari mu fara gyara suna, domin rabin rigimarsu daga sunan ta taso.

Tabarruki ba Bahaushiyar kalma ce ta asali ba, aro ce daga Larabci, watau tabarruk. Hausa ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, shi ya sa ta ɗora mata wasali a ƙarshe, kamar yadda ta yi wa tawakkali da tawassuli da tafakkuri da tasarrufi, waɗanda duk awonsu ɗaya ne a sarfu. Saiwar kalmar baƙaƙe uku ne: ba, da ra, da kaf. Daga wannan saiwa muka sami albarka, da barka wadda muke gaisuwa da ita safe da yamma, da tubarkalla da ake faɗi in an ga abin sha'awa, da sunan Mubarak. Bahaushe yakan furta wannan saiwa sau da yawa a yini ba tare da ya san Larabci yake yi ba.

Amma ina ma'anarta ta fari? Ibnu Farisa, malamin lugga wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya bi wannan saiwa a littafinsa Maƙayisul Luga, ya mayar da ita ga ma'anar tabbata da zama wuri guda. Balaraben ƙauye in raƙuminsa ya gurfana ya kafa ƙirji a ƙasa, sai ya ce baraka. Wurin da ruwa ya taru ya kwanta, irin tafkinmu, sunansa birka. Wanda ya taɓa ganin raƙumi ya gurfana da kaya ya san ba a tashinsa da gaggawa. To, daga nan aka ɗauko albarka: alherin da Allah ya saukar a kan abu, ya zauna a cikinsa, bai wuce kamar ruwan sama a kan dutse ba. Kuɗi kaɗan su biya bukata mai yawa, tuwon mutum biyu ya ishi huɗu, gajeren rai ya bar aiki mai tsawo. Kuma ku lura, mai saukar da ita Allah ne. Raƙumi ba shi yake ɗora wa kansa kaya ba, tafki kuma bai haƙa kansa ya cika ba.

Shi kuwa awon da aka gina tabarruk a kansa, malaman sarfu sun ce sau da yawa yana nuna nema da ɗora wa kai aiki. Ta'allum neman ilmi ne, tabarruk kuwa neman albarka. Ashe ke nan a Larabci kalmar sunan aiki ce, abin da mutum yake yi da zuciyarsa da gaɓoɓinsa. Da ta shigo bakinmu sai ta ƙara wata ma'ana, ta zama har sunan kayan da kansa. Alhaji ya dawo ya miƙo maka dabino uku, ya ce ga tabarruki. Tsohuwa ta buɗe adaka ta nuna maka tsohon mayafin uwarta, ta ce tabarruki ne. A nan fa ƙafa ta fara zamewa, domin muddin ka kira abu da sunan albarka, sannu a hankali zuciya za ta fara jin cewa albarkar tana cikinsa a ƙulle, kamar gishiri a cikin miya.

Larabawa suna da wasu kalmomi dabam na abin da aka ajiye don tunawa. Suna cewa tazkar, daga saiwar da ta ba mu zikiri. ('Yar'uwarta tazkira ita ce a yau suke kiran tikitin jirgi ko na mota da ita, alhazai da yawa sun ji ta a tasha, ita ma takarda ce mai tuna wa ma'aikaci cewa ka biya.) Suna kuma cewa asar, da sa mai ɗigo uku, wadda asalinta sawun ƙafa ne a kan rairayi, kuma daga saiwarta muka aro tasiri. Ina son wannan kalma ƙwarai. Sawu yana gaya maka wani ya wuce ta nan, yana nuna maka inda ya dosa, amma ba wanda ya taɓa tambayar sawu ruwan sha. Mu kuwa a Hausa muna da tsaraba, ita ta matafiyi ce. Muna da gado, shi na shari'a ne. Abin da ɗa ya ajiye na mahaifinsa don ƙauna kawai, sai dai mu kewaya mu ce abin tunawa. Ina jin wannan giɓi ne ya sa tabarruki ta shiga ta zauna, ta ɗauki kaya biyu a kai ɗaya: na tunawa da na neman albarka. 'Yan gidan nan uku kalma guda suke faɗi, amma ba abu guda suke nufi ba.

Bari mu sauke kayan ɗaya-ɗaya, mu fara da tunawa. Wanda ya ce Musulunci ya hana zuciya ta motsa don ganin kayan masoyi, to, bai karanta Sira da kyau ba. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, daidai da 624 Miladiyya, cikin fursunonin Ƙuraishawa akwai Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Zainabu 'yar Manzon Allah (S.A.W.), wanda a lokacin bai musulunta ba. Mutanen Makka suka shiga aiko da fansar 'yan'uwansu. Zainabu, tana can Makka, ta aiko da nata, a ciki har da wani abin wuya wanda mahaifiyarta Nana Hadiza ta ba ta sa'ad da za a kai ta ɗakin miji. A lokacin Nana Hadiza ta yi kusan shekara biyar da rasuwa. Nana A'isha ta ba da labari, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa da Annabi ya ga abin wuyan nan sai tausayi mai tsanani ya kama shi. Ya nemi sahabbai, in sun ga dama, su sakar mata fursunanta su kuma mayar mata da kayanta. Suka yarda.

Ku dubi wannan al'amari da idon basira. Shugaban masu tauhidi ne, a tsakiyar sha'anin yaƙi, 'yan duwatsun wuya suka tuna masa da matar da ta gaskata shi sa'ad da mutane suka ƙaryata. Bai ce a ɓoye shi don kada ya raunana zuciya ba, bai kuma ce Zainabu ta yi kuskure da ta adana shi shekara da shekaru ba. Ya so ma ya koma hannunta. Sa'an nan ga wani abu da za mu komo kansa an jima: ko da yake shi ne shugaba, kuma kayan na matarsa ne tun asali, bai sa hannu ya ɗauke ba, sai da ya nemi yardar masu hakki.

Saboda haka na gaya wa ɗalibina, abin da yake ji in ya riƙe carbin nan babu laifi a cikinsa ko kaɗan. Ni ma da nake wannan rubutu, kurtun tawadar mahaifina yana nan a kan kantar littattafaina, shekara ashirin da 'yan kai. Ɗan ƙaramin duma ne, bakinsa ya tsage, ko kyauta ba mai karɓa. Ban taɓa zuba masa tawada ba tun da ya rasu. Amma duk ranar da gajiya ta sa na yi niyyar shiga aji ban yi muraja'a ba, in idona ya faɗa kansa sai kunya ta kama ni.

Kaya na biyu shi ne mai nauyi, watau neman albarka a jikin abu. A nan dole a rarrabe. Game da Annabi (S.A.W.) babu jayayya cewa sahabbai sun nemi albarka da abin da ya taɓa jikinsa. Ummu Salama ta adana wasu silin gashinsa, mutane sukan aiko da ƙoƙon ruwa don majiyyaci, Buhari ya kawo wannan. Asma'u 'yar Abubakar ta riƙe jabbarsa bayan rasuwar A'isha, sukan wanke ta su ba marasa lafiya ruwan, wannan yana cikin Muslim. Alƙur'ani ma ya ba mu labarin rigar Annabi Yusufu da aka jefa a fuskar Annabi Yaƙubu ganinsa ya komo. Waɗannan duk sun tabbata, kuma kada ɗan zamani ya yi musunsu don ba su yi daidai da tunaninsa ba. Haka nan ruwan Zamzam, nassi ne ya ce mai albarka ne, wanda ya sha da wannan niyya yana kan hujja.

Tambayar ita ce, shin ana ƙiyasta wanin Annabi a kansa? Malamai sun rabu. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, a sharhinsa na Sahihu Muslim ya fahimci halascin neman albarka da kayan salihan bayi daga irin waɗannan hadisai, kuma malamai da dama sun bi shi. Shi kuwa Imam Shaɗibi, Bamalike mutumin Garnaɗa ta Andalus, wanda ya rasu a 790, ya yi wata lura a littafinsa Al-I'itisam wadda har yau ban ga an ture ta ba. Ya nuna cewa bayan wafatin Annabi babu wanda ya fi Abubakar daraja a wannan al'umma, sai Umaru, sai Usmanu, sai Aliyu, amma ba a samu ta ingantacciyar hanya cewa sahabbai sun yi musu irin abin da suka yi wa Annabi ba. Ya kawo dalili biyu da za su iya sa su bari: ko dai sun ɗauki abin a matsayin keɓantacce ga Annabi, ko kuwa sun toshe ƙofa ne don tsoron abin da jahilai za su mayar da shi.

Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da maganar Shaɗibi. Dalilina kuwa, albarka gaibu ce, ba a gane inda Allah ya ajiye ta sai da labari daga gare Shi. Muna kyautata zato ga iyayenmu da malamanmu, muna fatan Allah ya karɓi aikinsu, amma wa ya ba mu labarin cewa ibadarsu ta sauka ta zauna a cikin itace ko ƙyalle? Balle ma carbin da ake sayowa a kasuwannin Makka da Madina, wanda yawancinsa daga ƙasar Sin aka yo odarsa. Duk da haka ba zan kira wanda ya bi Nawawi mushiriki ba, kuma ina jan kunnen samarinmu da su rage saurin jifa da wannan kalma, don nauyinta ya fi ƙarfin bakinsu. Inda kowa ya haɗu, da Nawawi da Shaɗibi, shi ne wanda ya ƙudurta cewa abin da kansa yake warkarwa ko yake tsarewa, ba Allah ba, to, wannan ya faɗa rami. Ita kuma yayar tasu, abin da ya fi ba ni tsoro game da ita, kada dogara ga ruwan carbi ya sa ta jinkirta kai yaro asibiti, alhali zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran kowa.

Shi ma ƙanen, ko da yake ya yi garaje, tsoronsa yana da tushe. Abdullahi ɗan Abbas ya bayyana asalin gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu, watau Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. Ya ce sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu, sai Shaiɗan ya raya wa jama'arsu su kafa alamu a wuraren zamansu, su sa musu sunayensu. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da wannan tsara ta shuɗe, ilmi ya gushe, sa'an nan na baya suka mayar da su abin bauta. Abin lura a nan, ɓarnar ba a hannun mai tunawa ta auku ba, a hannun jikan da ya gaji kayan bai gaji labarin ba ta auku. Don haka duk wanda ya ajiye wani abu na magabacinsa, wajibi ne ya gaya wa 'ya'yansa ko mene ne, da dalilin ajiye shi, da bakinsa, tun yana da rai.

Allah da kansa ya nuna mana cewa addini bai rataya ga irin waɗannan abubuwa ba. Zoben azurfa na Manzon Allah, wanda yake buga wa wasiƙu hatimi da shi, ya zauna a hannun Abubakar, sa'an nan Umaru, sa'an nan Usmanu, har ran nan ya suɓuce ya faɗa rijiyar Arisa a Madina. Kwana uku ana yashe rijiyar, ba a gan shi ba. Itaciyar da aka yi mubaya'ar Ridwanu a ƙarƙashinta a Hudaibiyya, a shekara ta 6, da sahabbai suka komo baɗi ba su daidaita a kan ko wacce ce ba, Abdullahi ɗan Umaru kuwa ya ɗauki ɓacewarta a kan rahama ce. Ba raka'a ɗaya da ta ragu daga salla saboda zobe ko itaciya.

Akwai magana ta uku wadda babu ɗaya daga cikin 'yan gidan da ya tuna da ita, ita ce kuwa ta fi kusa da zunubi tabbatacce. Na tambayi ɗalibin nawa, "Carbin nan, Baba ya ba ka shi tun yana da rai ka karɓa?" Ya ce a'a. Na ce to, ai ba naka ba ne. Duk abin da mamaci ya bari, daga gida har allura, tarika ce. A fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, saura na magada ne gaba ɗaya, kowa da rabonsa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san wannan. Amma mun saba, da zarar an fita da gawa sai a shiga ɗaki, wannan ya ɗauki agogo, wancan ya ɗauki alkyabba, wata ta naɗe darduma, kowa yana cewa tabarruki, kamar dai kalmar tana halatta abin da shari'a ba ta halatta ba. Wace albarka ake nema a cikin hakkin wani? In magada duk baligai ne suka yafe maka da daɗin rai, madalla. In kuwa akwai maraya ƙarami a cikinsu, ba mai ikon yafe rabonsa, sai a yi wa abin kuɗi a cire daga kasonka. Nan ne na tuna masa da abin wuyan Nana Hadiza, da yadda Annabi ya tsaya neman izini.

Ya yi shiru, can ya ce suna da ƙanwa 'yar shekara tara, 'yar amaryar Baba.

Game da rawanin kuwa, na ba shi labarin Abdullahi ɗan Umaru wanda Muslim ya ruwaito. Yana kan hanyar Makka ya gamu da wani Balaraben ƙauye, sai ya ba shi jakin da yake hawa, ya kuma cire rawanin kansa ya ba shi. Abokan tafiya suka yi mamaki, suka ce ai mutanen ƙauye kaɗan ma ya ishe su. Ya ce musu uban wannan mutum aminin Umaru ne, kuma ya ji daga Annabi cewa sada zumunci da masoyan uba yana daga mafi girman biyayya gare shi. Shi ma Manzon Allah in ya yanka akuya yakan aika da nama ga ƙawayen Nana Hadiza. Irin tasu tunawar ke nan, takan fita daga cikin akwati ta je ƙofar gidan wani.

Bayan mako biyu ɗalibin ya komo. Ya ce sun zauna gaban kawunsu, an yi wa kayan uku kuɗi, an ware rabon yarinyar an damƙa wa mai kula da ita. Rawanin, da yardar manyan, sun kai wa wani tsoho makwabcinsu wanda suka yi shekara arba'in suna sahu ɗaya da marigayin. Ya ce tsohon ya karɓa ya kasa magana. Alƙur'anin ya faɗa rabon ƙanen, wanda dā yake cewa a fitar da komai, yanzu kuwa shi yake buɗe shi bayan asuba, yana fama da rubutun Magaribi da bai saba da shi ba. Carbin yana wurin ɗalibina, an cire kuɗinsa daga kasonsa. Yayar ba ta sake aikowa a karɓo shi ba, ko da yake ya ce har yanzu in ta zo gidan takan ce a miƙo mata tabarrukin Baba ta gani, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta yi masa addu'a, ta mayar.

Ya tambaye ni ko ya hana ta kiransa da wannan suna. Na ce ya ƙyale ta.